Kuɗin Kirifto: Dukiyar da Ke Rataye da Wuta da Waya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai arzuta bayi, wanda Ya sanya wa dukiya haƙƙoƙi da iyakoki. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani irin kuɗi da ya shigo hannun jama'a a 'yan shekarun nan, watau kuɗin kirifto, wanda mafi shahara a cikinsa shi ne Bitcoin. Malamai sun yi maganganu masu yawa game da halaccinsa ko haramcinsa. Amma akwai tambayar da ta riga waccan, wadda ba a cika tsayawa a kanta ba: idan mutum ya ce ya mallaki irin wannan kuɗi, yaushe ne hannunsa ke iya kaiwa gare shi, yaushe ne kuma ba ya iya kaiwa? Amsar ta rataya a kan abubuwa biyu waɗanda kowa ya san halinsu a ƙasar Hausa, su ne wutar lantarki da layin intanet. Tun da yake hukunce-hukuncen ciniki da canji da bashi da zakka da gado duk sun ginu ne a kan ikon mai dukiya ya miƙa ta ga mai haƙƙi sa'ad da haƙƙin ya wajaba, lalle ne duk wanda ya shiga wannan harka ya san iyakarta.

MENE NE KUƊIN KIRIFTO?

A watan Oktoba na 2008 wani wanda ya ɓoye a bayan sunan Satoshi Nakamoto ya fitar da takardar da ta bayyana tsarin Bitcoin, sa'an nan tsarin ya fara aiki ran 3 ga Janairu, 2009. Wannan kuɗi ba shi da takarda, ba shi da ƙarfe, ba shi kuma da banki. Abin da ke akwai shi ne wani babban kundin lissafi wanda aka ajiye kwafe-kwafensa a cikin dubban kwamfutoci a sassan duniya, a ciki aka rubuta wane yana da kaza, wane ya biya wane kaza. Kimanin kowane minti 10 akan ƙara wa kundin sabon shafi. Masu ƙara shafin kuwa gasa suke yi da manyan injuna wajen lalubo wata lamba, wanda ya riga samunta shi ke rufe shafin, a ba shi sabon kuɗi ladan aikinsa. Wannan aiki shi ake kira haƙo. Daga watan Afrilu na 2024 ladan ya koma Bitcoin 3.125 a kan kowane shafi, jimillar da za a taɓa fitarwa kuwa ba za ta wuce miliyan 21 ba.

Mai kuɗin ba ya riƙe da komai sai mabuɗi na sirri, watau wasu lambobi ko kalmomi da shi kaɗai ya sani. Idan zai biya wani, sai ya sa hannu da mabuɗin a cikin wayarsa ko kwamfutarsa, ya aika da saƙon ta intanet, ya jira a shigar da shi cikin kundin. Kafin a shigar, biya bai tabbata ba.

Ya kamata mai karatu ya auna wannan da kuɗin da aka saba da su. Ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Daga wuri aka zo sule da kwabo, daga nan aka zo takardar naira a 1973. Dukansu sun haɗu a kan sifa guda: suna wucewa daga hannu zuwa hannu, cikin haske ko cikin duhu, a birni ko a rugar daji, ba tare da an nemi taimakon wani na uku a lokacin biya ba. Kuɗin kirifto ya rasa wannan sifa, domin igiyoyi biyu ne ke riƙe da shi.

IGIYA TA FARKO: WUTAR LANTARKI

Wuta tana riƙe da kirifto ta kai biyu. Kai na farko shi ne wajen masu haƙo. Masu bincike na Jami'ar Cambridge ta Ingila sun ƙiyasta a rahotonsu na 2025 cewa injunan Bitcoin na cin wutar da ta kai kimanin megawat 15,000, ba dare ba rana. Babban layin wutar Nijeriya, ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 200, yawancin lokaci tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000 yake bayarwa. Ke nan abin da injunan ke ci ya kai ninki uku ko fiye na abin da ƙasar ke rabawa.

Saboda wannan ci ne gwamnatoci ke juya wa masu haƙo baya duk sa'ad da wuta ta yi ƙaranci. A watan Mayu na 2021 Iran ta hana haƙo har tsawon wata huɗu saboda ɗaukewar wuta a biranenta. Kosovo ta yi haka a watan Janairu na 2022. Sa'ad da ƙasar Sin ta rufe wuraren haƙo a tsakiyar 2021, ƙarfin injunan Bitcoin na duniya ya ragu da kusan rabi, ko da yake ya farfaɗo kafin ƙarshen shekarar bayan an kwashe injunan zuwa Amurka da Kazakistan da wasu ƙasashe. Adalci ne a faɗi cewa ba kowane kirifto ke da irin wannan ci ba. Tsarin Ethereum ya bar hanyar haƙo a watan Satumba na 2022, cin wutarsa ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. Amma raguwa daban, rabuwa daban. Kwamfutocin da ke riƙe da kundinsa har yanzu da wuta suke aiki.

Kai na biyu, wanda ya fi shafar talaka, shi ne wajen mai kuɗin kansa. Waya ba ta aiki sai da caji, turakun kamfanonin waya kuma ba sa aiki sai da wuta ko man janareta. A 2021 Bankin Duniya ya bayyana cewa kimanin mutum miliyan 85 a Nijeriya ba su haɗe da layin wuta. Waɗanda suka haɗe ma ba su tsira ba. A watan Oktoba na 2024, bayan an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, kuma layin da ke kawo wuta daga kudu ta Makurdi ya sami matsala, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu, shagunan masu cajin waya suka cika maƙil a Kano da Kaduna da sauran birane. Jamhuriyar Nijar kuwa, wadda a lokacin take samun kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Nijeriya, ta ga an katse mata layin a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulki, ba a mayar ba sai cikin 2024.

IGIYA TA BIYU: LAYIN INTANET

Ko da waya ta cika da caji, in babu layi ba ta da hanyar kaiwa ga kundin. Layi kuwa abubuwa uku ke yanke shi: umurnin hukuma, da haɗari, da rashinsa tun asali.

Na hukuma, an gan shi a Jihar Zamfara a farkon watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya baki ɗaya domin yaƙi da 'yan bindiga, daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. An ce mako biyu za a yi, amma wasu wuraren sun daɗe fiye da haka nesa ba kusa ba. An gan shi kuma a Kazakistan a watan Janairu na 2022, sa'ad da gwamnati ta rufe intanet saboda tarzomar da ta tashi kan farashin makamashi. A lokacin ƙasar ce ta biyu a duniya wajen haƙon Bitcoin, tana riƙe da kimanin kashi 18 cikin 100, sai ga injunanta sun yi shiru cikin dare ɗaya alhali wuta na nan.

Na haɗari, an gan shi ran 14 ga Maris, 2024, sa'ad da manyan wayoyi huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya raunana ƙwarai a Nijeriya da Gana da Laberiya da maƙwabtansu, har harkokin bankuna suka tsaya cik a wurare da dama.

Na rashinsa tun asali, misalinsa Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A watan Afrilu na 2022 ta ɗauki Bitcoin a matsayin kuɗin ƙasa, alhali kuwa kimanin mutum ɗaya cikin goma ne kawai na al'ummarta ke samun intanet, masu wutar lantarki kuma ba su fi haka da yawa ba. Doka ta ce kuɗi ne, amma mai sayar da rogo a kasuwa ba shi da abin karɓarsa. Kafin shekara ta zagayo majalisar ƙasar ta janye wannan matsayi a watan Maris na 2023.

A nan akwai abin da ya kamata a fahimta sosai. Ɗaukewar wuta ko layi a gari ɗaya ba ta shafe kuɗin mutum daga kundin, domin kwafe-kwafensa na nan a wasu ƙasashe. Abin da ke yankewa shi ne ikonsa na taɓa su. Kuɗin na nan da sunansa, amma ba zai iya sayen mudun gero da su ba, hangen Dala ba shiga birni ba. Daɗin daɗawa, kasuwar kirifto ba ta rufewa dare ko rana, farashi na iya faɗuwa yana cikin duhu bai sani ba. Ran 12 ga Maris, 2020, Bitcoin ya zubar da fiye da sulusin darajarsa cikin yini guda.

Mai ja zai iya cewa ai kuɗin banki ma haka suke, kowa ya tuna wahalar da aka sha a farkon 2023 lokacin canjin takardun naira, sa'ad da tura kuɗi ta waya ya riƙa maƙalewa. Wannan gaskiya ne, kuma darasi ne a kan duk kuɗin da ke bin waya. Bambancin shi ne, kuɗin banki yana da sura ta biyu, watau takarda, yana kuma da ofishin da mutum zai je da ƙafarsa, da alƙalin da zai iya ba da umurni a fitar da shi. Kirifto ba shi da sura ta biyu. An ƙirƙiro dabaru na rage matsalar, kamar wuta mai amfani da hasken rana, da aika saƙo ta ƙaramar waya, da karɓar kundin ta tauraron ɗan'adam. Duk suna taimakawa, amma kowace daga cikinsu tana bukatar na'ura mai caji a hannun mai biya, da wata a hannun mai karɓa.

MATSAYIN MALAMAI

Malaman zamani ba su haɗu a kan magana guda ba. A farkon 2018 aka bayyana fatawar Muftin Masar na lokacin, Shaihu Shauƙi Allam, wadda ta haramta ciniki da Bitcoin saboda garari da cutarwa. Majalisar Malaman Indonesiya, a watan Nuwamba na 2021, ta haramta amfani da kirifto a matsayin kuɗi, ta bar ƙofa ga wanda ya cika sharuɗɗan haja. A Maleshiya, majalisar shari'a ta hukumar kasuwar hannun jari ta halatta cinikinsa a kasuwanni masu rajista a 2020. Cibiyar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi kuwa, a zamanta na Dubai a watan Nuwamba na 2019, ba ta yanke hukunci ba, ta nemi a ƙara bincike. Wanda ya bi masu haramtawa ya huta. Wanda kuwa ya bi masu halattawa, to, akwai mas'aloli biyar da ke gabansa.

Ta farko, ciniki. Daga cikin sharuɗɗan ingancin ciniki a mazhabar Malikiyya akwai ikon miƙa abin da aka ƙulla cinikin a kansa, haja ce ko kuɗinta. Saboda haka ne aka hana sayar da tsuntsu a sama, da kifi a ruwa, da raƙumin da ya gudu. Wanda ya ƙulla cinikin hannu da hannu a kan zai biya da kirifto, alhali ya san babu layi a garin kuma ba a san ranar dawowarsa ba, ya kusanci wannan hani. In dai za a yi, sai a ƙulla a kan ajali sananne, a kuma ambaci abin da za a biya da shi in layin bai samu ba.

Ta biyu, canji. An ruwaito a cikin Mudawwana cewa Imamu Malik na ganin ko fata ce mutane suka mayar kuɗi a tsakaninsu, ba za a canza ta da zinariya ko azurfa a kan jinkiri ba. Ke nan duk wanda ya ɗauki kirifto a matsayin kuɗi, hukuncin canji ya hau kansa: ba a rabuwa sai kowane ɓangare ya karɓi nasa. Cibiyar Fiƙihu, a zamanta na Jidda a 1990, ta amince cewa shigar da kuɗi cikin asusun mutum na zama a madadin karɓa da hannu, ta kuma yi rangwame ga ɗan jinkirin da aka saba kafin shigarwar ta tabbata. A tsarin Bitcoin al'ada ita ce a jira shafi shida ga kuɗi masu yawa, watau kimanin awa guda. Idan mutum ya miƙa naira, layi ya ɗauke kafin abokin cinikinsa ya aika da nasa, suka rabu a haka, canjin ya ɓaci. Mafita ita ce kada kowa ya saki nasa sai an tabbatar da layi, kada kuma a tashi daga wurin sai mai karɓa ya ga shigar kuɗin da idonsa.

Ta uku, bashi. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu. Rubutun da ke cikin kundin kirifto yana nuna kuɗi sun tashi daga wata lamba zuwa wata, amma ba ya faɗin sunan kowa, ba ya kuma faɗin bashi ne ko kyauta ko biyan haja. Saboda haka bai wadatar ba. A rubuta a takarda, da adadi da ajali da shaidu. Wanda ake bi kuma, in yana da wata dukiyar a hannu, kada ya mayar da rashin layi hujjar ja wa mai haƙƙi rai, domin jinkirin mawadaci zalunci ne.

Ta huɗu, zakka. Nisabin kuɗi shi ne ƙimar dinari 20 na zinariya, kimanin giram 85, ko dirhami 200 na azurfa, kimanin giram 595, abin fitarwa kuwa ɗaya bisa arba'in bayan shekara ta zagayo. Ɗaukewar wuta ta mako ɗaya ko ta wata ɗaya ba ta sauke zakka, domin dukiyar ba ta fita daga mulkin mai ita ba. Wanda ya san lokacin zakkarsa ya kusa, ya tanadi abin fitarwa tun layi na nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Sa'an nan manufar zakka ita ce mallaka wa mabukaci abin da zai amfane shi. Tsohuwar da ke ƙauye, ba waya ba wuta, ba a sauke mata haƙƙinta da lambobi. A canza zuwa naira ko sefa a damƙa mata. Amma wanda mabuɗinsa ya ɓace har ya yanke ƙauna, halinsa ya yi kama da na mai dukiyar da ta ɓace, wadda Malikiyya suka ce in an same ta, zakkar shekara ɗaya ake fitar mata ko da ta yi shekaru.

Ta biyar, amana da gado. Kuɗin marayu, da na masallaci, da na adashi, da na cefanen iyali, haƙƙoƙi ne da ake iya nema a kowace sa'a. Rashin lafiya ba ta jiran a kawo wuta, haihuwa ma haka. Wanda aka ba amanar irin waɗannan kuɗi ya zuba su inda hannunsa ba zai kai ba ranar bukata, ba da izinin masu su ba, ya yi sakaci, mai sakaci kuwa shi ke ramuwa. Game da gado, ishara ta isa a labarin wani injiniya a garin Newport na ƙasar Wales, wanda a 2013 aka zubar da faifan kwamfutarsa mai ɗauke da mabuɗin kimanin Bitcoin 8,000 a juji. Ya shekara fiye da goma yana neman izinin tono, a watan Janairu na 2025 kotu ta kori ƙararsa. Wannan yana raye ke nan. Ina ga wanda ya mutu da mabuɗin a cikin kansa? Babu alƙalin da zai iya buɗe wa magada, rabon da Allah Ya yanka musu ya salwanta. Wajibi ne mai irin wannan dukiya ya rubuta a wasiyyarsa cewa akwai ta, ya ajiye mabuɗin a rubuce a takarda wurin amintacce, ta yadda magada za su kai gare shi bayansa.

KAMMALAWA

Taƙaitawar darasin ita ce, mallakar kuɗin kirifto mallaka ce mai sharaɗi, tana cika sa'ad da wuta da layi suka samu, tana raunana sa'ad da ɗayansu ya yanke, su biyun kuwa ba a hannun mai kuɗin suke ba. Wanda ya ga zai shiga, bayan ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, kada ya sa a ciki sai abin da zai iya haƙurin rashinsa na wani lokaci. Abincin gida da kuɗin magani da haƙƙin mutane su zauna inda hannu ke kaiwa ko a tsakar dare, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya azurta Musulmi da halal mai albarka, Ya tsare su daga cin haƙƙin juna, amin.